Da gaske daji da fadama za su iya aikin dam da matatar ruwa?

Ɗan_Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya. Na saurari wani shiri ana ta yabon abin da suka kira kula da ruwa ta hanyar halitta, wato a bar dazuzzuka da fadamu da dausayi su riƙe ruwa, su tace shi, su rage ambaliya, maimakon a dogara ga siminti da ƙarfe kaɗai. Har aka ce rahoton ruwa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 kacokan a kan wannan ya tsaya. Ni dai ban gamsu ba. Birni mai mutum miliyan biyar, a ce ciyawa ce za ta shayar da shi? A ganina sabon suna kawai aka raɗa wa dashen bishiya don a jawo kuɗin tallafi. Masu ilimin abin, ku warware mini.

Injiniyan_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ciyawa ba ta haifar da ruwa, kuma duk wanda ya gaya maka haka ya zarce gona da iri. Abin da take yi shi ne ta hana shi gudu. Gwada da kanka: ɗebi bokiti biyu, ka sheƙa ɗaya a kan daɓen siminti, ɗaya a gindin bishiyar da ganye ya ruɓe a ƙarƙashinta. Na farko kafin ka ajiye bokitin ya kai bakin ƙofa. Na biyun za ka ga ya ɗan kwanta, ya yi kumfa, ya nutse. Wancan da ya nutse shi ne za ka tarar a rijiya a watan Maris. Wanda ya gudu kuwa shi ne ke haɗuwa da na maƙwabta ya zama ambaliya, ya kwashi ƙasa ya zuba a cikin dam.

To a nan ne ni da nake aikin siminti nake buƙatar daji. Madatsun ruwa na duniya suna asarar tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na cikinsu duk shekara saboda laka da yashi. Dam ɗin da aka sare dajin da ke samansa, kafin jikokinka su girma ya zama filin ƙwallo.

Ɗan_Tambaya:
Na ji wannan, Injiniya. Amma ai kai ma ka ce daji mataimaki ne. Su kuwa cewa suke yi zai maye gurbi.

Malamin_Jogirafi:
Akwai inda ya maye gurbin, kuma ba ƙaramin gari ba ne. Birnin New York na Amurka yana samun kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan shansa daga yankin tsaunukan Catskill da Delaware, nisan sama da kilomita 150, kuma wannan ruwan ba ya bi ta matatar tacewa. A shekarun 1990 hukuma ta ce ko dai su gina matata, wadda aka ƙiyasta za ta ci dala biliyan 6 zuwa 8 ban da kuɗin gudanarwa, ko su tabbatar ruwan zai ci gaba da zuwa da tsabtarsa. A 1997 suka ƙulla yarjejeniya da mutanen yankin. Suka riƙa sayen filaye daga wanda ya yarda ya sayar, suka biya manoma su killace shanunsu daga bakin rafi, suka gyara wa gidaje ramukan masai. Abin da suka kashe a farko bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin matatar ba. Mutum kusan miliyan tara ke shan wannan ruwa.

Mai_Gyara:
Malam, ka bar wani ɓangare. Ruwan ba a tace shi, gaskiya ne, amma ana zuba masa kulorin, kuma tun 2013 yana bi ta wata katafariyar masana'anta da ke haska shi da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta. Sannan ragowar kashi 10 ɗin, wanda ke zuwa daga yankin Croton, dole ta sa aka gina masa matata, aka buɗe ta a 2015 bayan an kashe sama da dala biliyan 3. Me ya bambanta su? Croton yana kusa da birni, gidaje da tituna sun riga sun mamaye shi. Kenan dabarar ta ci ne inda aka yi sammako kafin a lalata wurin.

Malamin_Jogirafi:
Na karɓi gyara. Amma gyaran naka ma hujja ce a gare ni: gari ɗaya, ɓangaren da aka kiyaye dajinsa bai buƙaci matata ba, wanda aka sake ya lashe biliyan uku.

Uwar_Biyu:
Ni ban san New York ba, abin da idona ya gani zan faɗa. Unguwar da muka taɓa zama akwai wani kududdufi babba a bayan layinmu. Kowa ƙyamarsa yake yi, ga kwaɗi ga leda. Shekara goma sha ɗaya muna wurin ruwa bai taɓa hawa dandamalin ƙofarmu ba. Sai aka cike shi da shara da ƙasa aka yanka filaye. Damina ta biyu bayan an gama gine-gine, da tsakar dare na ji ƙaramin ɗana yana kuka, na sauko da ƙafa daga gado sai na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Takalmanmu na yawo a tsakar ɗaki. Littattafan yara da ke ƙasan akwati duk suka zama ƙullu. Ruwan saman daren nan bai fi na sauran shekaru ba, masaukinsa kawai aka ƙwace. Kuma daga shekarar rijiyar gidan ta fara ƙafewa tun kafin bazara, abin da ba ta taɓa yi ba.

Dattijo_65:
Allah Ya kiyaye gaba, 'yata. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Mu da muka ga jiya mun san duk inda ya taɓa kwana sai ya dawo neman shimfiɗarsa, ko bayan shekara talatin.

Ba_Sani_Ba_Sabo:
Hajiya Uwar_Biyu, ki yi haƙuri, amma kududdufin nan da kike kewa shi ne gidan sauro. A ce mu bar ramuka cike da ruwa a tsakiyar mutane don gudun ambaliya? An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan. Ambaliya sau ɗaya a shekara, zazzaɓin cizon sauro kullum.

Nas_Mai_Dare:
Maganarka tana kan hanya, kuma ba sauro kaɗai ba. Ruwan da ke kwance mai ciyayi yana tara dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, yara su yi wanka su dawo suna fitsarin jini. Sai dai a duba wani abu: daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ana ɗaukar kamar mako guda zuwa kwana goma. Shi ya sa lambunan tsotse ruwa da ake yi a gefen tituna ake tsara su yadda ruwan zai nutse cikin kwana ɗaya ko biyu. Tafki mai zurfi da kifi a ciki shi ma ba ya tara sauro kamar lambatun da shara ta toshe. A wurin aiki abin da na lura, masu zuwa da zazzaɓi sun fi yawa daga layukan da kwata ke kwance baƙi ƙirin, ba daga bakin tafki ba. Wannan lura ta ce kawai, ba bincike na yi ba.

Uwar_Biyu:
Ai ban ce a bar shi da ƙazanta ba, ɗan'uwa. Da an yashe shi, an kewaye shi, an hana zuba shara, da mun huta da biyun.

Mai_Rijiya:
Ni inda nake da ja shi ne batun bishiya. Shekara ashirin da wani abu ina haƙar rijiya. Duk inda aka jera bishiyar turare da yawa, in ka je haƙa kusa da wurin sai ka ƙara gaba biyu ko uku kafin ka taɓa danshi. Akwai wani mai lambu da ya kewaye gonarsa da ita don ta tare iska, shekara shida rijiyarsa ta zama rami. Na shiga na tarar da saiwoyi sun ratsa bangon kamar gashi, sun yi tabarma a ƙasa. To ta yaya za a ce mini bishiya tana ƙara ruwa?

Ɗan_Tambaya:
Yauwa! Irin wannan nake nema. Injiniya, ina amsa?

Injiniyan_Ruwa:
Amsar ita ce Mai_Rijiya ya fi masu shirin da ka saurara gaskiya. Bishiya famfo ce, tana zuƙo ruwa ta saiwa ta sake shi ta ganye. Afirka ta Kudu ta koyi wannan da tsada. Tun 1995 suke da wani shiri na gwamnati wanda aikinsa sare bishiyoyi ne, ba dasawa ba. Bishiyoyin turare da fain da wasu irin ƙaya da aka kawo daga ƙasashen waje sun bazu a kan tsaunukan da ke shayar da madatsunsu. Lokacin da birnin Cape Town ya kusa ƙafewa a 2018, har aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, lissafi ya nuna baƙin bishiyoyin nan suna shanye kimanin lita biliyan 55 a shekara, ruwan da zai ishi birnin wata biyu. Can hanyar halitta ita ce gatari, a cire baƙo a bar tsiron asali ya dawo.

Ɗaliba_Mai_Bincike:
In ƙara a kan na Injiniya. Akwai binciken da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2016, kuma shi ne ya warware mini wannan rikicin. Sun gano cewa a busasshiyar ƙasa mai damina ɗaya, ruwa ya fi sauka ƙarƙashin ƙasa idan bishiyoyi suna warwatse tsaka-tsaki. In babu bishiya ko ɗaya, ƙasa takan daskare ta yi ɓawo, ruwa ya bi ta kai ya wuce. In sun yi cunkoso, su shanye. Amma in an ba su tazara, ramukan da saiwa da gara suka huda a kewayen kowace bishiya sukan zura ruwa ƙasa fiye da abin da ita bishiyar ke sha. Kenan Baba Mai_Rijiya da masu cewa a yi shuka duk suna da gaskiya, magana ce ta wace iri, guda nawa, a ina.

Mai_Rijiya:
To yanzu na ji batu. Don kuwa gindin gawo ban taɓa shan wahalar haƙa ba. Ita da damina ma take zubar da ganye.

Malamin_Jogirafi:
Ƙasar Sin ma ta ga fuska biyun. A tudun Loess, inda zaizayar ƙasa ta fi ko'ina muni, sun yi matakala a jikin tuddai, sun hana kiwon sake, sun yi shuka tun daga shekarun 1990. Rawayen Kogi da a da yake kwasar laka kimanin tan biliyan 1.6 a shekara, yanzu abin da yake ɗauka ya ragu ƙwarai, duk da cewa madatsu ma sun taka rawa. Amma ruwan da ke gangarowa rafuka shi ma ya ragu, kuma a wasu wuraren da aka cusa bishiyoyi masu ƙishi ƙasa ta bushe har can ciki.

Manomi_Ne_Ni:
Ku kuna ta zagaya duniya, bari in dawo da ku gona. Ina da wani fegi da ya zama faƙo, ƙasa ta yi tauri tana ƙyalli kamar an shafe ta, ko ƙaya ba ta fitowa. Shekara huɗu da suka wuce na yi masa rabin wata: ka zana baka mai faɗin taku huɗu, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ka haƙe cikin kamar tsawon tafin hannu, ka tara ƙasar a bayansa ta zama kunya. Layi na biyu ka sa shi ya tare tsakanin biyun da ke sama, yadda duk ruwan da ya kuɓuce zai faɗa wani. Na zuba taki a ciki tun rani. Ruwan farko da aka yi na fita da asuba na je na tsaya, kowane rami cike yake fal, ya yi kamar an jera tasoshi. Kafin la'asar ya nutse. Bayan kwana tara ba a sake ruwa ba, na tura yatsa a cikin ramin na ji sanyi, a waje kuwa ƙura.

Amma kada wani ya yaudare ku, aiki ne na karya baya. Da rani ake yi, ƙasa kamar dutse, in ka yi biyu ko uku a yini ka gode Allah. Kuma duk shekara sai ka bi ka ɗaga kunyar da ruwa ya fasa. Shekarar da na yi jinya ban gyara ba, ruwa ya ɓalle ta guda ɗaya ya bi ya tsinke na ƙasa da ita guda bakwai.

Ɗaliba_Mai_Bincike:
Sannu da ƙoƙari, Baba. Ɗan'uwan wannan shi ne ramin zai, wanda marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso ya farfaɗo da shi bayan farin shekarun 1970 da 1980. Shi ƙaramin rami ne, faɗin kamar santimita 20 zuwa 30, a zuba taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa. Da farko mahaukaci aka ɗauke shi. Ya mayar da faƙo daji, aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023.

Ba_Sani_Ba_Sabo:
Duk wannan na ƙauye ne. Tambayar Ɗan_Tambaya a kan birni take. Ku ba ni labarin birnin Zhengzhou na ƙasar Sin. Ƙasar Sin ta ƙaddamar da shirin birni mai kama da soso, ta zaɓi birane 16 a 2015 ta ƙara 14 a 2016, da burin a riƙa tsotse kashi 70 cikin ɗari na ruwan sama a inda ya sauka. Zhengzhou ma ya zuba maƙudan kuɗi a irin wannan aikin. Ranar 20 ga Yulin 2021 ruwa ya cika jirgin ƙarƙashin ƙasa da mutane a ciki. Kusan mutum 400 suka mutu ko suka ɓace a lardin Henan. Ina sosan yake a ranar?

Injiniyan_Ruwa:
Ranar nan an yi ruwan sama da ya haura milimita 200 cikin awa ɗaya, kusan sulusin abin da garin ke samu a shekara. Soso in ya jiƙe ya jiƙe. Babu lambu, babu kwalbati, babu lambatun da aka gina don wannan. Abin da ya kamata ya ceci rayuka a ranar shi ne gargaɗi da rufe tashoshi da wuri. Amma na yarda da kai a abu ɗaya: masu tallata abin sun yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Wuraren tsotse ruwa na maganin ruwan da ake yi sau da yawa a shekara ne, mai cika titi ya hana yara zuwa makaranta. Irin wanda ake yi sau ɗaya a shekara ɗari sai an haɗa da manyan magudanai da filin da za a sakar wa ruwa.

Ɗan_Tambaya:
Kenan mun dawo inda na fara. In abu ya yi tsanani siminti ake nema.

Mai_Gyara:
Ba lallai ba. Mutanen Holan sun fi kowa iya jinga, shekaru ɗaruruwa suna ɗaga ta. A farkon 1995 koguna suka cika har aka kwashe mutum kusan 250,000 don tsoron kada jinga ta ɓalle. Daga nan suka gane duk ƙarin tsayin da aka yi, ranar da ta fashe ɓarnar ta fi muni. Sai suka fito da shirin ba kogi fili, suka kashe kimanin yuro biliyan 2.3 a wurare sama da 30. A Nijmegen, inda kogin Waal ke yin kwana a matse, sun ja jingar baya da mita 350, suka haƙa wa kogin hanya ta biyu. Injiniyoyi ne suka yi, da katafila da siminti, amma dabarar ita ce a mayar wa kogi fadamarsa. Ka ga a nan ba za ka iya cewa wannan na halitta ne wancan na siminti ba.

Lauyan_Talaka:
Ku tsaya a nan, don a nan gizo ke saƙa. Mita 350 ɗin nan ba daji ba ne, akwai gidaje kusan 50 da aka tasa. Can an zauna da su, an biya su. Tambayata: a ƙasar da talaka ba shi da takardar fili, wa za a tasa in an ce a ba kogi wuri? Wanda ya gina a bakin rafi ba don yana son kukan kwaɗi ba ne, nan ne kaɗai ya iya samu. Haka batun kare daji a saman dam. Mai shan ruwan yana birni, wanda za a hana noma da kiwo da itacen girki yana ƙauye. Matata tana cin kuɗi, hanyar halitta tana cin fili, kuma fili kullum yana da mai shi ko da ba a rubuta ba. Abin da ya sa na New York ya yi aiki, birnin ya biya. In ba za a biya ba, to ƙwace ne aka yi wa ado da ganye.

Dattijo_65:
Lauya ka taɓo inda ke ciwo. Makiyayi ma a sa shi a lissafi. Fadamar da za a killace, nan ne dabbobinsa ke sha da rani.

Malamin_Jogirafi:
Akwai masu ƙoƙarin biyan. Birnin Quito na Ekwado ya kafa asusun ruwa tun 2000, ana cire wani kaso daga kuɗin ruwan da aka tara a kai shi kula da tsaunukan da ruwan ke fitowa. Nairobi ta bi sahu a 2015 a kan kogin Tana, wanda ke ba birnin kusan kashi 95 cikin ɗari na ruwansa. Ana taimaka wa manoman kan tudu da matakala da layin ciyawa da tafkunan tara ruwa, su amfanin gonarsu ya ƙaru, kamfanin ruwa kuma lakar da yake tacewa ta ragu. Ko kuɗin na isa hannun kowa yadda ya kamata, wannan sai mutanen wurin.

Amaryar_Lambu:
Don Allah ku yi mini uzuri zan ɗan karkata. Ruwan wanke-wanke da na wanka fa? Ni ina zubar da shi a lambatu ina jin haushi, ga shukoki na suna ƙishi.

Injiniyan_Ruwa:
Malama, wannan ma cikin batun yake. Haƙa kwari mai zurfin kamar santimita 60, ki shimfiɗa leda mai kauri ko ki daɓe da yumɓu, ki cika da tsakuwa, ki dasa jema ko kachalla a kai. Ruwan ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan, yana tafiya a ƙarƙashin tsakuwar, kada ya fito sarari, kin ga babu wari babu sauro. Ƙwayoyin halittar da ke manne a saiwa da tsakuwa su ke cinye dattin. Ki sa ɗan akwatin tare maiƙo kafin ya shiga, in ba haka ba wata uku ya toshe. Wata masaniya Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwada wannan tun shekarun 1950. Ruwan da ya fito na ban-ruwan bishiya da fure ne, ba na sha ba, kuma kada ki haɗa da na masai.

Nas_Mai_Dare:
Kuma duk mai haƙa ramin tsotse ruwa a gida ya nisanta shi da masai da rijiya. Abin da aka saba ba da shawara shi ne mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ƙasa tana tace wasu abubuwa, amma ba ta tace baƙin mai da ruwan batir. In ka zura guba ƙarƙashin ƙasa ba mai iya yashe ta.

Mai_Gyara:
Abin da Injiniya ya kwatanta, Kolkata ta Indiya tana yinsa a girman birni. A gabashinta akwai dausayi mai hekta 12,500, an sa shi cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 2002. Ruwan ƙazantar birnin na bi ta tafkuna marasa zurfi, rana ta buga shi, gansakuka ta tsiro ta cinye dattin, kifi ya ci gansakukar, masunta su kama su sayar. Masuntan ne suka ƙirƙiro tsarin, wani injiniya mai suna Dhrubajyoti Ghosh ya zo daga baya ya fahimtar da hukuma darajarsa. Yanzu babban abokin gabarsa masu cike tafki su yi gini, irin dai labarin Uwar_Biyu. A duniya baki ɗaya an yi asarar kimanin kashi 35 cikin ɗari na dausayi tsakanin 1970 da 2015.

Ba_Sani_Ba_Sabo:
Kifin ruwan masai? Allah Ya sawwaƙe, ni dai a kai kasuwa.

Mai_Rijiya:
Ni wani abu ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa na maganar a zura ruwa ƙasa, ba mai maganar masu zuƙe shi. Layi ɗaya sai ka ƙirga burtsatse goma sha biyu, kowa da injinsa. Ana zuba wa tulu da ludayi ana kwasa da bokiti. Wurin da na samu ruwa a gaba takwas ina saurayi, yau sai injin haƙa.

Ɗaliba_Mai_Bincike:
Wannan ita ce matsalar da ba a son faɗa, Baba. Noma ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba a duniya. A gundumar Alwar ta jihar Rajasthan a Indiya, Rajendra Singh da mutanen ƙauyuka sun fara gyara tsoffin tafkunan ƙasa da suke kira johad tun 1985, har kogin Arvari da ya ƙafe ya dawo yana gudu, aka ba shi lambar yabo ta ruwa ta Stockholm a 2015. Abin da ba a cika ambata ba, ƙauyukan sun kafa majalisar kogi da ta sa dokoki a kan ɗibar ruwa da shuka amfanin gona mai ƙishi. Ba don haka ba, ruwan na tasowa kowa zai sayo injin ban-ruwa a koma gidan jiya. Sannan duk ruwan da ka tare a sama, akwai na ƙasa da kai da ya saba samunsa.

Manomi_Ne_Ni:
Wannan gaskiya ne. Maƙwabcina na gangare ya yi mini ƙorafi shekarar farko, wai na tare masa ruwa. Sai da ya ga yashi ya daina binne masa shuka sannan muka shirya.

Injiniyan_Ruwa:
Ɗan_Tambaya, ga wani da zan so ka gaya mini ɓangaren da yake. A yankunan Kitui da Machakos da Makueni na Kenya ana gina ɗan bango na kankare a kan dutsen da ke ƙasan rafin da ke ƙafewa da rani. Damina biyu ko uku yashi ya cika bayan bangon. Ruwa na ɓoye a tsakanin ƙwayoyin yashin, kusan sulusin girmansa ruwa ne. Rana ba ta kai masa, sauro ba ya samunsa, yashin ya tace shi, mutane su ɗiba ta bututu ko rijiya a gefe. Bangon na birkila ne, tankin na Allah. In aka yi shi a rafin da ke kawo laka maimakon yashi mai gari-gari, ya tashi aikin banza.

Ɗan_Tambaya:
Haha, Injiniya ka ɗaure ni. Zan ce rabi da rabi. Na janye maganar cewa suna ne kawai, amma ban janye duka ba. Har yanzu ban ga wanda ya nuna mini birnin da ya zubar da bututu da kulorin ya koma dogaro da fadama ba. Kuma maganar Lauya ba wanda ya amsa ta sosai.

Lauyan_Talaka:
Ba a amsa ba kam. Ga ƙari: rahoton 2018 ɗin da ka ambata shi da kansa ya ce abin da ake zubawa a waɗannan hanyoyi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ayyukan ruwa ba. Ni ban yi mamaki ba. Dam ana yanka masa kirtani a ɗauki hoto, akwai kwangila a ciki. Wa zai kira 'yan jarida don ya nuna musu kududdufin da bai cike ba?

Uwar_Biyu:
Ni da za a kira ni da na je.

Dattijo_65:
Manomi_Ne_Ni, ɗana, rabin watan nan naka, a ƙasa mai yashi ma yana yi? Akwai wani fegi da nake tunani.

Manomi_Ne_Ni:
Ranka ya daɗe, a jigawa ba ya daɗewa, kunyar rushewa take yi, kuma yashi dama yana shan ruwansa. Ya fi kyau a faƙo mai ɗan gangare kaɗan. In yashi ne gara ka jera duwatsu a kwance bisa gangaren ko ka dasa layin jema. Ka fara duba inda ruwa ke bi in an yi ruwan farko, ka kafa tsinke a wurin, sai rani ka dawo da magirbi.

Amaryar_Lambu:
Injiniya, tsakuwar wace iri, manya ko ƙanana? Kuma jemar a ina ake samun irinta, saiwa ake dasawa ko 'ya'ya?

Injiniyan_Ruwa:
Kamar girman ƙwallon dabino a tsakiya, manya a mashiga da mafita don kada ya toshe, kuma a wanke ta kafin a zuba. Jema tsaginta ake ɓarewa daga gindi a dasa, tazarar tafin hannu. Ki ba ta wata biyu tana shan ruwa mai kyau kafin ki sakar mata na sabulu.